Haƙƙin Mota

Zamanin Shagari, lokacin da naira ɗaya ta fi dalar Amurka ƙarfi, wani ɗan kasuwar hatsi a Birnin Kudu ya sayar da riɗinsa da bijimai biyu, ya haɗa da abin da ya daɗe yana ƙullewa, ya tafi Kano ya dawo da Fijo 504 a-kori-kura, fara sol, ko ledar kujera ba a ɓare ba. Ba zan kama sunansa ba, don 'ya'yansa suna nan da ransu kuma sun iya karatu. Mu ce masa Alhaji, tunda ba a rasa Alhazai a garin.

Haɗin Kaduna ce. Tun da Janar Gowon ya buɗe masana'antar Fijo a Kakuri a 1975, motar ta zama ta kowa: ita ce ta kwamishina, ita ce ta alƙali, ita ce ta haya a tasha, ita ce ta kai amarya. Har an yi lokacin da jiragen sama ke kwaso sassanta daga birnin Liyon na Faransa su sauke a Kano, a loda a manyan motoci a kai Kaduna a harhaɗa. Mota ce mai tsayin ƙafa, da ƙafafun baya take ja, injinta a fili yake ba ɓoye-ɓoye: ga kafireto, ga fulogi huɗu, ga lagireto, ga batir. Duk bakaniken da ya iya riƙe sifana zai kwance ta a gindin darbejiya da safe ya mayar kafin la'asar. Tana haƙuri da rami, tana haƙuri da yashi, tana haƙuri da lodi. Abu biyu ne ba ta yafewa: a bar ta da tsohon baƙin mai, ko a bar ta ta ɗau zafi.

Alhaji bai yi boko ba, bai kuma taɓa zama a gareji ba, amma ya san waɗannan biyun. Kullum in ya dawo daga sallar asuba, kafin ya kurɓi koko, sai ya ɗaga bonet. Ya zaro sandar awon mai, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa, ya ɗaga ta sama yana duba inda man ya tsaya. Ya lakato ɗan kaɗan ya murza tsakanin yatsu biyu, ya kai hanci. Ya buɗe murfin lagireto ya leƙa. Ya zagaya yana ƙwanƙwasa kowace taya. Daga nan ya tattare babbar riga ya durƙusa ya dubi ƙasan motar, ko ta yi ɗigo da dare, in kuwa ta yi sai ya taɓa ya gane na mene ne, ruwa ne, baƙin mai ne, ko man birki. Sai ya tayar da ita ya bar ta tana numfashi a hankali, shi kuma ya zauna kan tabarma yana karyawa yana saurare. Direbansa yakan ce Alhaji ya fi jin tarin motar nan a kan tarin 'ya'yansa. Sharri ne, amma akwai ƙamshin gaskiya.

A cikin ɗan akwatin gaban motar akwai wani littafi irin na 'yan makaranta, an yi masa bango da takardar siminti. Da ajami yake rubutu. Ranar da aka yi juye da abin da mita ta nuna, ranar da aka sa taya da sunan shagon, ranar da aka ɗaure birki. In mita ta ƙara kilomita 5,000 to juye ya wajaba, ko ana tsakiyar cin kasuwa. Da hunturu, in ƙura ta sauko, ba ya ma bari ta kai.

Sai kuma gwangwanin. Wani babban gwangwanin madara ne a ƙarƙashin gadonsa. Duk ranar da mota ta fita, ko kasuwar Sara ta je, ko Gwaram, ko ta bi ta Babaldu ta gangara Ningi, ko ta kai hatsi Dawanau, in direba ya kawo balas da daddare Alhaji zai raba shi uku a kan buzunsa. Kashi ɗaya na fetur da direba da yaron mota. Kashi ɗaya na cefane. Kashi na uku ya jefa a gwangwani ya ce, "Wannan haƙƙin mota ne." An yi wata shekara da ƙaramar Sallah ta matso hannu bai buɗe ba, uwargida ta same shi ta ce, "Alhaji, yara ba su da ɗinki. A ɗan taɓa na gwangwanin mana, in an yi kaka a mayar." Ya ce, "Hajiya, ai ba nawa ba ne. Nata ne, ajiya ta ba ni. In na ci nata yau, gobe ni za ta ci, har da ku." Washegari ya ja tunkiya kasuwa, aka yi wa yara ɗinki.

Ba a san amfanin wannan taurin kai ba sai da Babangida ya kawo tsarinsa na tsuke bakin aljihu a 1986. Naira ta rikito, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi balle manomi, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo. Waɗanda suka saba in mota ta fara tsufa su yar su sayi wata suka tarar babu wata. Kasuwa ta cika da kaya iri biyu: na Beljiyam, wato tsofaffin da aka cire daga motocin Turai aka shigo da su ta Kwatano ko Legas, da na Taiwan, sabo fil a kwali amma kwanansa ƙirgagge ne. Fijo da yawa 'yan shekarar ta Alhaji suka koma ɗakin kaji. Tasa kuwa tana kan hanya. Shi ya zaɓi ranar da za a sauke mata inji, ba ita ta zaɓa masa ba. Bayan kaka, kasuwa ta lafa, ya kira bakanikensa, wani da kowa ke ce wa Oga, suka ɗauki gwangwani suka tafi Ƙofar Ruwa a Kano, suka zaɓo ringi da metal da gaskit na ainihi, aka yi aikin a kwana uku ba a ci bashin kowa ba.

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a watan Agustan 1991, ma'aikata suka yi ta kwasar komatsansu daga Kano zuwa Dutse, duk mai a-kori-kura mai lafiya ya sha romo. Gadaje, katifu, kujeru, firji, ta yi ta jigila. Da kuɗin wannan shekarar aka yi wa gidan rufin kwano, da shi Hajiya ta sauke farali. Har Alhaji ya koma ga Mahaliccinsa ba a taɓa ganin an tura motar nan ba.

Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza uku, mata huɗu, da ƙanwarsa da ke zaune a gidan, wadda kowa ke kira Gwaggo. Malamin da ya zo rabon gado ya ba da shawara a yi wa motar kuɗi, mutum ɗaya ya ɗauka ya biya sauran haƙƙinsu. Suka ce Allah ya kiyaye, motar Baba ba ta sayarwa, ba kuma ta mutum ɗaya ba ce. Aka yanke za ta zauna ta kowa da kowa, maza su riƙa karɓar makulli bi da bi, kowa damina biyu, gida ya ci gaba da samun kasonsa, gwangwani ya ci gaba da samun nasa. Aka shafa fatiha. Malamin ya naɗe buzunsa bai ƙara cewa komai ba.

A nan gizo ke saƙa. Mutumin da ya san shi zai tsufa da mota lissafinsa daban, wanda ya san bayan damina biyu zai miƙa makulli nasa daban. Taya mai kyau tana kai shekara uku, wanda ya saya ba shi zai ƙarasa morar ta ba. Juyen da aka yi a kan lokaci babu mai gani, don amfaninsa shi ne abin da bai faru ba, kuma ba a yi wa mutum kirari a kan injin da bai buga ba. Fenti kuwa ranar da aka fesa shi duk unguwa ke gani.

Babban Yaya ne ya fara karɓa. Sati bai zagayo ba ya kai ta wurin masu fenti, ta fito shuɗiya tana ƙyalli. Ya sa mai zane ya rubuta "Ikon Allah" a marfin baya, a ƙasansa kuma sunansa da laƙabinsa, da baƙaƙen da suka ninka na sama girma. Aka yi 'yar walima, maroƙa suka zo, aka ce mota ta samu mai ita, ko marigayi bai fito da ita haka ba. Kuɗin fenti da na maroƙa daga gwangwani suka fito, amma ai hidimar mota ce. Da zai ƙara aure ya sake leƙa gwangwanin, wannan karon da sunan aro. Oga ya same shi ya ce, "Alhaji ƙarami, kulocin nan ya fara zamewa, kuma buhunan da kake ɗora mata sun wuce ƙa'ida, sifirin ɗin baya ya kwanta. Yanzu ƙaramin aiki ne." Yaya ya ce tsohon nan ya faye baƙin baki, ko yaushe sai ya gano wani abu, da gani neman na cefane yake. Ya ɗauke motar ya kai wa wani sabon bakanike, ƙanin amaryarsa, wanda bai taɓa faɗa wa mai mota abin da ba ya son ji ba. Ko me aka tambaye shi amsarsa ɗaya: "Garau take, ranka ya daɗe. Fijo ai ba ta mutuwa." A hannunsa aka bar juye aka koma ciko. In mai ya yi ƙasa a sayi kwalba ɗaya a bakin hanya a tsiyaya a kan tsohon, a wuce.

Na biyu ma'aikaci ne a Dutse, Malam ake ce masa, kuma da fayil ya zo. Ya ce ba zai taɓa sitiyari ba sai an binciki abin da aka yi a baya. Ya kafa kwamiti na 'yan uwa da abokan wasa, suka yi wata uku suna zama a soro kowace Asabar, shayi da tsire da kuɗin zama duk a wuyan gwangwani. Suka fito da rahoto mai bango, aka buga da kwamfuta, wanda ya tabbatar da abin da yaran unguwa suka riga suka sani. Aka sa rahoton a durowa. Aikin farko da aka zartar daga cikinsa shi ne goge sunan Yaya, wanda ba ya yiwuwa sai da sabon fenti. Ta koma fara, da ratsin kore, da sunan Malam.

A zamaninsa ne wata jar fitila ta fara ƙiftawa a gaban direba duk lokacin da mota ta tsaya inji na aiki. Fitilar mai ce. Abin da take faɗa shi ne man da ke zagaya inji ya rasa ƙarfin isa inda ya kamata, ko don ya tsufa ya tsinke, ko don metal sun cinye. Abin ya dami Malam ƙwarai, don fasinja suna gani suna tambaya. Ya kira mai wayarin ya ce a yi maganin abin. Mai wayarin ya zura hannu ta ƙarƙashi ya zare ƙwan fitilar. Allurar zafi ita ma ta fara hawa, aka manna mata sitika. A taron gida na ƙarshen shekara Malam ya sanar cewa cikin ikon Allah an shawo kan matsalar jar fitila baki ɗaya. Aka yi masa tafi.

Auta shi aka sa wa rai, don shi ya yi wa marigayi yaron mota, ya ga asubancin, ya san littafin. Ya kuwa fara da juye. Ya tsaya kusa da galan ɗin mai aka ɗauke shi hoto, ya sa a Facebook, aka yi ta yi masa addu'a. Wannan hoton ya yi shekara biyu yana aiki. In an ce yaya zancen mai, sai ya ciro waya.

Bayan zagayen farko sai aka ce layi ba adalci ba ne, a riƙa barin mutanen gida su zaɓi wanda suke so, har 'ya'yan 'yan uwa da suka tasa su ma suna iya nema. To kada a ce na ɗora wa masu makulli laifi su kaɗai, bari in faɗi na sauran. Duk lokacin da zaɓe ya matso, sai ka ga ana shiga ɗaki-ɗaki bayan isha'i da leda: taliya, sabulu, turmin atamfa ga masu baki. Kowa ya san inda kuɗin ledar ya fito, kowa ya sa hannu biyu ya karɓa ya yi godiya. Ba wanda ya taɓa cewa a kawo littafi a gani. Tsakanin zaɓe da zaɓe kuma kowa na yagar rabonsa. Wannan a kai masa taki gona kyauta, wancan surukansa za su biki Basirka, wancan ya zo da tiyo da daddare ya zuƙi galan ɗaya don injin ban-ruwa. An cire batir an kalli ƙwallo da shi. An ari jak ba a dawo da shi ba. Safaya taya tana ƙarƙashin amalanken wani ɗan gidan, kowa na ganin ta tana wucewa. In ka yi magana a ce, "Motar ubanmu ce, kai wa ya fi ka ci?"

Gwaggo kaɗai ke tayar da zancen. Duk taro sai ta gyara lulluɓi ta ce, "Ni dai ina littafin Yaya? Ina gwangwaninsa?" Sai a yi dariya a ce, "Gwaggo, zamani ya canja, yanzu a waya ake lissafi." Ta ce, "To a nuna mini a wayar." A ce caji ya ƙare.

A damunar 2021, da ruwa ya karya wata gada a hanyar Gwaram zuwa Basirka, wata bas ta afka ciki mutum 21 suka rasu, an yi sati ba a zancen komai a ƙofar gidan sai wannan. Mai riƙe da makulli a lokacin ya fi kowa ɗaga murya. Ina masu alhakin duba gadoji? Sai an mutu za a zo jaje? Gaskiya ya faɗa, ban ƙi ba. A wannan makon kuwa abin da ke cikin tulun birkin motarsa ruwan omo ne, don man birki ya ƙare a hanya an yi dabara, dabarar kuma ta zauna. Da ita ya ɗauki mata goma sha zuwa gaisuwar.

Sai aka shiga 2023. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 kafin mako ya ƙare, ta wuce 600 a watan Yuli, a ƙarshen 2024 ta haye 1,000. Dalar da gwamnati ke lissafawa a wajen naira 460 ta zarce 1,500 a farkon 2024, kuma duk abin da mota ke ci, daga baƙin mai zuwa taya zuwa batir, da dala ake auna shi. Mai makullin wannan lokaci, wanda Yaya ne ya sake dawowa, ya tara gida ya yi jawabi mai ratsa jiki. Ya ce hawa kyauta ya ƙare. Daga yau ko Hajiya ce za ta unguwa sai ta biya, ko takin wa za a ɗauka sai ya biya. Za a sha wuya, amma duk abin da aka tara a cikin inji za a zuba shi. Mutane suka yi gunaguni suka haƙura, don maganar tana da kai. Suka riƙa biya. Kuɗin da ke shiga hannun Yaya ya ninka abin da ya taɓa shiga hannun wani mai makulli.

Aka ga sabuwar rigar kujera mai gashi. Aka ji sabon hon mai kukan jirgin ƙasa. Aka ɗaura lasifika biyu a bayan kujera. Aka sake fenti, karo na nawa ke nan, har marfin baya ya yi kauri, in ka karce da farce sai ka ga sunaye a jere, wani a ƙarƙashin wani. Yaya kuma ya sayi sabon babur, ya ce don ya riƙa zirga-zirgar neman kayan gyara.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar Sara ce, ana tsakiyar zafin bazara. An yi mata lodin gero har ya fi kan direba tsayi, mutum shida a sama. Sun wuce rabin hanya sai yaron mota ya ce yana jin ƙauri. Direba ya dubi gabansa, babu jar fitila, allura na ƙarƙashin sitika, ya ce taya ce ta wata motar. Can sai inji ya fara wani ƙara daga ciki, ƙwas-ƙwas-ƙwas, yana bin totur, in an taka ya ƙaru. Direba ya ƙure lasifika. Ba su ƙara kilomita biyu ba aka ji gum, mota ta yi tsalle ɗaya ta mutu, farin hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet. Aka kira ƙanin amarya, wayarsa a kashe. Dole aka aika babur ya ɗauko Oga, wanda yanzu gemunsa ya yi fari fat, yaransa ke aiki shi yana zaune.

Bai yi gaggawa ba. Ya jira ta huce, ya ɗaga bonet, ya zaro sandar awon mai. Abin da ya biyo ta ba baƙi ba ne, wani abu ne fari-fari mai kauri kamar kunun kanwa. Ya murza a yatsa, ya miƙa wa Yaya hannun ya ce, "Taɓa ka ji." Akwai ɓarɓashin ƙarfe a ciki. Ya ce, "Lagireto ya toshe tuntuni, kuna ta ɗura mata ruwan kududdufi. Ta yi ta ɗaukar zafi ba mai gani. Kan silinda ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ruwa ya shiga mai. Man da ma ba mai ba ne. Metal ya narke ya kama karanshaf, sanda ɗaya ta ɓalle ta fasa bulo. Ga ramin nan, sa yatsanka." Yaya ya ce, "To Oga, yanzu nawa ne gyaran?" Oga ya goge hannu da tsumma ya ce, "Alhaji ƙarami, gyara ai shi ne wanda na faɗa maka shekarun baya, na kuɗin buhun gero ɗaya. Wannan ba gyara ba ne, sayen wani inji ne. Kaduna sun daɗe da daina 504. Sai dai mu je Ƙofar Ruwa mu nemi na wadda ta riga ta mutu, mu saya a farashin dalar yau, ba mu san irin riƙon da aka yi masa ba. In an ɗora shi kuma giyabos na jira, birki na jira, tayoyin nan huɗu duk waya ta fito." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ina gwangwanin mahaifinku? Da shi ake zuwa Kano." Yaya ya ce rana ta yi, bari a nemi inuwa.

Inuwar da ke kusa ta wani tankin ruwa ce a bakin wani ƙauye, irin mai aiki da hasken rana, an ɗora shi a kan dogayen ƙarafa. Fasinja suka ruga da ƙishirwa suka murɗa famfo, ko ɗigo. Wata yarinya da ke wucewa da tulu daga rafi ta ce ai ya fi shekara, wani ɗan abu ne ya ƙone a ciki, an ce za a zo. A jikin tankin akwai allo mai sabon fenti da sunan wanda ya kawo aikin, a gefensa wani tsohon allon da wani sunan, an jingine shi yana fuskantar ƙasa. Suka ƙarasa makarantar firamaren da ke bayansa don su fake. Bangon da ke kallon titi ya sha fenti launi biyu. Suka zagaya ta baya suka tarar iska ta yaye rufin aji biyu, awaki na kwance a ciki. Oga ya tsaya ya dubi tankin, ya dubi makarantar, ya waiwaya ya dubi motar a bakin hanya, ya ce, "Ikon Allah." Ya hau babur aka mayar da shi gida. Ni ma ba zan ƙara a kan abin da ya ce ba, zancen mota nake yi.

Janwe aka yi mata zuwa gida, kuɗin janwen ma sai da aka yi karo-karo. Geron ya kwana a hanya, kasuwa ta watse, aka sayar da shi da asara. Aka buɗe gwangwani a gaban kowa, aka tarar da takardun aro guda-guda, kowace da sa hannun wani, har da na waɗanda suka fi kowa zagin masu makulli.

Wata biyu bayan haka, cikin dare, aka bugo waya daga wani ƙauye a ƙasar Gwaram. Ɗaya daga cikin 'yan matan gidan da ke aure can tana naƙuda tun safe, abin ya gagari ungozoma, a turo motar Baba a kai ta babban asibitin tarayya na Birnin Kudu. Shekara da shekaru wannan aikin motar ne, ba a taɓa neman wata ba. Aka yi ta buga wa masu haya, wannan ba shi da mai, wancan ba ya fita da dare. A kan babur aka fito da ita zuwa bakin titi, mutum biyu na riƙe da ita. Allah ya tashi kafaɗar uwar. Ba a yi taron suna ba.

Yanzu motar na ƙofar gida a kan duwatsu, don wani ya ari tayoyin baya. 'Yan gwangwan sun zo sau biyu sun zagaya ta, su da kilo suke saye, ba ruwansu da tarihi. Gida ya rabu uku. Wasu sun ce a sayar musu a raba kowa ya huta. Yaya da Malam, waɗanda rabon da su yarda da juna tun rasuwar Alhaji, bakinsu ya zo ɗaya a kan a jinginar da gonar gado ta bakin rafi a ci bashi a sayo Sharon 'yar Beljiyam, jikoki sa biya a hankali. Gwaggo da Hajiya sun ce ko sabuwa aka sayo daga kamfani, in hannun nan ne da halin nan, a ba ta damina huɗu. Sun ce a fara dawo da littafi, a ɗora gwangwani a inda kowa zai gani, a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita duk ranar Juma'a, sannan a yi maganar inji. An ce musu za a duba.

An sa ranar zama bayan Babbar Sallah don a zaɓi wanda zai karɓi makulli. Mutum uku sun fito nema. Na tambayi Oga ko a cikinsu akwai wanda ya zo ya ji kuɗin inji, ya ce har yanzu babu. Mai fenti kuwa ya ce biyu sun riga sun zo sun taya, ɗaya ma ya bar kafin alƙalami. Taliya ta fara shiga ɗakuna tun makon jiya, kuma ana karɓa.